Kafson da aka ce yana saɓule fata: guba ce ko jiki ne ya ƙi magani?

Alhaji Lawali: Salamu alaikum ƴan uwa. Ku saurari muryar ga da na turo. Wani ne ke cewa an shigo da wani kafso ta iyaka, duk wanda ya sha sai fatar jikinshi ta saɓule, wai har an yi rashi. Tun jiya ake ta turo mini ita ta ko'ina. Wanda ya san gaskiyar lamarin ya hwaɗa muna, don ni na riga na hana iyalina shan kowane irin kafso.

Malam Habu: Wa alaikumus salam Alhaji. Na saurara har ƙarshe. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi sunan maganin ba, bai faɗi garin da abin ya faru ba. "Wani kafso" kawai. A dakata da turawa gaba har ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su leƙo.

Sale: Wagga murya tsohuwa ce Alhaji. Duk shekara sai an tado ta. So ake a kashe muna sana'ar sayar da magani a kasuwa, shi ke nan.

Manjo Hadiza: Ina wuninku jama'a, yanzu na sauko daga aiki. Alhaji, muryar ba ta da kai ba ta da gindi, amma ciwon da take kwatantawa akwai shi, na gan shi da idona. Sai dai ba sai an zuba guba a magani ba. Magani mai kyau, na farmasi, wanda lokotoro ya rubuta da hannunsa, yana iya jawo shi. Jama'a da yawa su sha su warke lafiya lau, mutum guda ya sha jikinsa ya tashi yaƙi da maganin, yaƙin kuma a kansa yake ƙarewa.

Kuma abin iri biyu ne, mutane na haɗa su wuri guda. Akwai na gaggawa, wanda ke zuwa cikin mintoci, galibi kafin a cika awa guda da shan magani ko yin allura: borin jini ya feso, leɓe da fatar ido su kumbura, murya ta dishe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, mutum ya ji jiri ya yanke jiki ya faɗi. Wannan an fi ganinsa da dangin fenisilin, wato amoksisilin, amfisilin da ƴan uwansu, da kuma allurar seftiriyakzon. Sai na biyu mai zuwa a hankali, bayan kwanaki ko makonni da fara magani, shi ne mai ɗaye fata. A nan an fi kama kotiri da sauran dangin sulfa.

Alhaji Lawali: Manjo, kotiri hwa? Wanda muke ba yara in suna zawo ko tari? Ai babu gidan da babu shi.

Manjo Hadiza: Shi fa Alhaji. Kotirimokzazol. Kuma yawancin zawon da ake ba su shi ma ruwan gishiri da sukari da zinki yake buƙata, amma wannan wata magana ce.

Maman Nafisa: Ni bari in yi magana, don mu abin ga gidanmu ya sauka. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ciwon sanyi ya dame ta, wata maƙwabciya ta ce ta sha kotiri, aka aiki yaro ya sayo. Ta yi sati da wani abu tana sha, har ta ce ta ji sauƙi. Sai zazzaɓi ya rufe ta, idanu sunka yi jajur, maƙogwaro na ciwo. Munka ce masassarar sauro ce ta haɗu da ciwon ido. Washegari leɓɓanta sunka farfashe, ƙuraje sunka fito ƙirji da baya, masu duhu a tsakiya. Tsofaffi sunka ce ƙyanda ce ta manya. Abin da har yau yake ci mini rai, duk wannan lokacin ana ci gaba da ba ta maganin safe da yamma, wai don ya kashe ƙurajen.

Daga nan sai ƙurajen sunka ɗuri ruwa sunka haɗe. In an juya ta, fatar bayanta sai ta bi zanin gado, kamar wadda aka watsa wa tafasasshen ruwa. Ko yawu ba ta iya haɗiyewa, sai an tara mata ƙyalle. Da asuba idanun sun manne, sai an jiƙa auduga an buɗe su a hankali. Da munka kai ta asibiti tambayar farko da lokotoro ya yi ita ce wane magani take sha kwanan nan. Mu huɗu muna tsaye babu wanda ya iya faɗin suna. Farin ƙwaya, mai tsaga a tsakiya, iyakar saninmu ke nan. Sai da aka koma gida aka ɗaga katifa aka samo fankon takardar maganin.

Allah ya tashe ta, amma farcenta sun zube sun sake fitowa, jikinta duk tabo, kuma har yanzu idonta ba ya hawaye sosai, in ta fita rana sai da baƙin tabarau.

Malam Habu: Innalillahi. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa kaffara ne.

Zeinabu: Amin. Yaya, wallahi jikina ya yi sanyi.

Inna Rabi: Jikata ce ke rubuta mini. Ɗiyata, sannu da jinya. Amma ni dai a tsawon rayuwata in an ga mutum lafiya lau fatarsa ta fara zuba, ba a rasa hannun mutane ciki. Kun nema mata tsari kuwa? Kada a bar na gida don na likita.

Maman Nafisa: Inna an yi, an yi rubutu an yi tofi, an yi sauka. Amma neman wanda ya yi mata jifa shi ya sa munka ƙara kwana gida ana ba ta abin da ke cin ta. Har an fara zargin kishiyarta, baiwar Allah ita ce ma ta kwana da ita asibiti.

Manjo Hadiza: Inna, Allah ya ƙara girma. Babu mai hana addu'a, mu ma da ita muke fara aiki. Abin da nake roƙo a wurinku manya, don ku ake fara kira in abu ya faru cikin gida: in kun ga wanda ke shan magani ya yi zazzaɓi, ido ya yi ja, baki ya fashe, fata na yi masa zafi in an taɓa, ku ce a tsayar da maganin nan take, a kwashi duk abin da yake sha a tafi da shi asibiti ran nan. Kada a shafa toka, ko man shanu, ko garin kafso a kan fatar. Wurin ya zama buɗaɗɗen gyambo, ruwan jiki na fita ta nan, ƙwayoyin cuta na shiga ta nan. Yawancin waɗanda ake rasawa ta wannan hanyar ake rasa su.

Bashir: Gaisuwa ga iyaye da yayye. In ƙara a kan bayanin Manjo, daga abin da muke karantawa a sashen likita na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ciwon da ya samu ƙanwar Yaya shi ake kira ciwon Stevens-Johnson, sunan likitocin yara biyu ne na Amurka da suka bayyana shi a 1922. In fatar da ta ɗaye ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba, sunan ke nan. In ta haura kashi 30, sai a ce ciwon Lyell, wani likitan fata ne na Birtaniya da ya yi rubutu a kansa a 1956. Mai tsananin yana kashe wajen kashi 30 cikin 100 na waɗanda ya kama. Galibi yana farawa tsakanin kwana 4 zuwa 28 da fara shan magani, shi ya sa ba a saurin zargin maganin, don mutum ya riga ya saba da shi. Kuma ba antibiyotik kaɗai ba: wasu magungunan farfaɗiya kamar karbamazefin da fenobarbital, da alofurinol na ciwon gaɓɓai, da nebirafin, duk suna cikin waɗanda aka sani. Amma ba ciwo ne mai yawa ba, mutum ƙalilan ne cikin miliyan a shekara. An kuma lura ya fi samun masu ɗauke da cutar sida.

Manjo Hadiza: Ɗana Bashir, jimlarka ta ƙarshe gaskiya ce a littafi, amma a zaure irin wannan sai a yi hattara da ita. Kada gobe wani ya ga mai wannan ciwo ya yanke masa hukunci. Yana kama mai lafiyar da bai taɓa kwanciya asibiti ba.

Bashir: Haka ne Manjo, na gode.

Isuhu Farmasi: Ni wurin da zan tsaya shi ne inda Maman Nafisa ta ce su huɗu babu wanda ya san sunan maganin. Wannan kullum muna ganinsa a kanti. Mutum ya zo ya ce akwai maganin da ba ya karɓarsa. Wanne? Ja da baƙi. Ko ja da rawaya. To launin kafso ba suna ba ne, kamfani ne ke zaɓar launinsa. Sannan magani guda yana da sunaye barkatai: kotirimokzazol shi ne Bactrim a takardun Faransanci, shi ne Septrin in ka tsallaka Jibiya ko Katsina. Amoksisilin shi ne Clamoxyl, kuma yana cikin Augmentin. Ampiclox amfisilin ne da kulokzasilin a haɗe, duka biyun dangin fenisilin. Sai mutum ya guji suna ɗaya ya je ya sayi ɗayan, yana ganin ya canza magani.

Kuma Sale, kada ka ji haushi, amma ku ne kuke ƙara dagula abin. Kuna sa almakashi ku yanka falaket, wato takardar da ƙwayoyin ke jere ciki, biyu-biyu, sunan ya tafi da rabin da kuka sayar wa wani. Wasu ma ɓare su kuke ku ƙulla a leda, kala uku kala huɗu, ku ce haɗi ne. In abu ya faru wa zai ce ga wanda ya jawo?

Sale: Na san za a zo kaina. Isuhu, kai kana cikin kanti mai sanyi da gilashi. Ni ina cin kasuwar ƙauye. Mutum ya zo da dala ashirin a ƙulle bakin zane, ɗansa na zazzaɓi, likita mafi kusa sai ya hau amalanke ko ya biya kabu-kabu kuɗin da ya fi na maganin. In ce mishi ya tahi ya kawo ordonansi, takardar magani daga lokotoro? In ce sai ya sayi kwali guda na jika biyu? Mu ba mu ƙirƙiro talauci ba, tarar da shi munka yi. Kuma Manjo da bakinta ta ce na farmasi ma yana yi. To mine ne laihina?

Isuhu Farmasi: Ban ce ku kaɗai ba. Farmasi nawa ne ke miƙa amoksisilin ba tare da takarda ba? Da yawa, kowa ya sani. Bambancin shi ne in an saya wurinmu akwai kwali, akwai suna, akwai ranar lalacewa. Naku yana wuni cikin ranar Maraɗi a kan faifai.

Sale: Rana ba ta sa borin jini.

Isuhu Farmasi: Ba ta sa wa, amma ba shi ne zancen ba.

Malam Habu: Ku sassauta. Sale ya faɗi wata gaskiya, Isuhu ma haka. Ni tambayata ga Manjo ce, kan na gaggawar nan. Muna makaranta, yara ɗari da wani abu, wasu da magani a aljihu suke zuwa. In yaro ya sha ya fara kumbura a gabana, me zan yi kafin a kai ga likita?

Ila Kabu-kabu: Madara ake ɗura mishi Malam. Ko manja. Yana karya dafin.

Manjo Hadiza: Ila, don Allah kada ka ƙara faɗin haka a wani wuri. Ba dafi ne a ciki ba da za a ce madara ta tsarma shi. Jiki ne ya saki wasu sinadarai gaba ɗaya, jijiyoyin jini suka saki, hawan jini ya faɗi ƙasa, hanyar iska ta kumbura ta tsuke. Wanda maƙogwaronsa ke rufewa in ka ɗura masa manja, huhu zai tafi. Ka ƙara masa ciwo na biyu.

Malam, ga abin da za ka yi. Ka kwantar da shi rigingine ka ɗaga ƙafafunsa a kan benci ko jaka. In numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya zauna ya miƙe ƙafafu, amma kada ya tashi tsaye, kada a ce ya daure ya taka zuwa bakin titi. Mutanen da jininsu ya faɗi haka, miƙewa tsaye kaɗai na iya tsayar da zuciyarsu. In mai ciki ce a kwantar da ita ta gefen hagu. In ya suma amma yana numfashi, a juya shi gefe guda don kada amai ya shaƙe shi. Wani ya nemo abin hawa tun a minti na farko, a tafi likita mafi kusa, ba mafi girma ba. Kuma a ɗauki takardar maganin.

Maganinsa guda ne, adirenalin. Allura ce a naman cinya ta waje, babba rabin miligiram, yaro gwargwadon shekarunsa ko nauyinsa, in ba a ga sauyi ba a maimaita bayan minti 5. Duk sauran, ƙarin ruwa ne, iskar oksijin ce, bayanta suke zuwa.

Ila Kabu-kabu: To Manjo ni da babur gare ni, yaya zan kwantar da mutum?

Manjo Hadiza: Ka tare adaidaita a shimfiɗe shi kujerar baya, wani ya riƙe ƙafafun a cinyarsa, kai ka wuce gaba ka buɗe musu hanya ka sanar da mu. In babu komai sai babur, a sa shi tsakiya wani ya tallabe shi ta baya, ya fi a tsaya jira.

Isuhu Farmasi: A ƙara da wannan, don mu ake zuwa wa a guje: ƙwayar ƙaiƙayi irin su kulorfeniramin tana kwantar da borin jini, amma ba ta buɗe maƙogwaro, ba ta tada jinin da ya faɗi. Dekzametazon ma sai bayan awanni yake aiki. Wanda muryarsa ta dishe ko leɓensa ya kumbura kada a tsaya da shi a kanti.

Manjo Hadiza: Har cikin ma'aikata akwai masu fara miƙa hannu ga dekza, don ita aka saba da ita kuma ana tsoron adirenalin. Bashir, ku da ke tasowa ku gyara wannan. Sannan in mutum ya farfaɗo kada dangi su matsa a sallame shi. Abin yakan dawo bayan wasu awanni ko da ba a ƙara shan komai ba, shi ya sa muke riƙe shi.

Alhaji Lawali: To ni na gama yanke shawara. Ni dai amoksisilin ya taɓa ɓata mini ciki, ƙaramin ɗana kuma ya taɓa yin ƙuraje da shi. Gobe zan sa a rubuta a karne, wato littafin asibiti, na kowa na gidana cewa ba mu shan dangin fenisilin, mu duka. Rigakafi ya fi magani.

Manjo Hadiza: A'a Alhaji, nan kuma an zarce. Ɓacin ciki, zawo, tashin zuciya, ɗacin baki irin na metronidazol, duk wahalar magani ce, ba ƙin jiki ba ne. Kuma ba a rubuta wa gida guda don mutum ɗaya, kowa da jikinsa. In ka rufe wa iyalinka ƙofar fenisilin gaba ɗaya, ranar da wani ya kamu da ciwon huhu sai a koma ga maganin da ya fi tsada, wani lokaci bai kai shi aiki ba.

Bashir: Alhaji, a Amurka wajen mutum 1 cikin 10 ke cewa fenisilin ba ya karɓarsa, amma in an gwada su, sama da 9 cikin 10 na masu faɗin haka sai a tarar suna iya sha. Ko waɗanda abin ya taɓa kamawa da gaske, irin na gaggawa, kusan kashi 80 cikin 100 yana barinsu bayan shekara 10. Yara kuma sau da yawa ciwon da ya kawo zazzaɓin ne ke fito da ƙurajen, sai a ɗora wa maganin.

Maman Nafisa: Bashir, kana nufin ƙanwata ma wata rana za ta iya sake shan kotiri?

Bashir: A'a Yaya, ko kusa. Lissafin nan bai shafe ta ba. Wanda fatarsa ta taɓa ɗayewa, shi da wannan maganin har abada, ko gwaji ba a yi masa da shi.

Alhaji Lawali: To yanzu kun rikita ni. In rubuta ko kar in rubuta?

Manjo Hadiza: Ka kai yaron wurin lokotoro ka ba shi labari dalla-dalla: wane magani, bayan awa nawa ko kwana nawa ƙurajen suka fito, masu ƙaiƙayi ne da ke tashi su kwanta ko ƙanana ne kwance, fuska ta kumbura ko a'a, numfashi ya canza ko a'a, ya sake shan maganin daga baya ko bai sake ba. Shi zai ce a rubuta ko a bari. Kafin nan kada ka gwada masa a gida don ka gani. Naka kuwa na ɓacin ciki, ka bar karnenka lafiya.

Sale: Akwai wani abu da nake gani wurin masu saye, tunda an zo nan. Wani in ya sha kotiri sai baƙin tabo ya hito mishi, zagayayye, a leɓe ko a hannu, wani ma a al'aura. Ya warke ya bar baƙi. In ya sake sha, daidai wurin zai sake tashi. Ni irin waɗannan ba ni sayar musu, ko sun matsa.

Manjo Hadiza: Ka yi daidai Sale, kuma ka lura da kyau. Shi ma ƙin magani ne, kotiri na cikin masu yawan kawo shi, tetirasikilin ma haka. Yawanci ba ya kai wa ga halaka, amma in ana maimaitawa tabon na ƙaruwa, wani har ya ɗuri ruwa. Ka gaya musu sunan maganin su riƙe, kada ka tsaya ga hana su kawai, don gaba za su yi su saya wurin wani.

Zeinabu: Manjo ina da tambaya, abin na raina tun ɗazu. Maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana ba yara, an ce akwai sulfa ciki. Ni ƴata ta taɓa yin irin tabon da Sale ya faɗa bayan siron kotiri. In sun zo in karɓa?

Manjo Hadiza: Madalla da kika tambaya. E, akwai. Ƙwayar ranar farko sulfadokzin ce da firimetamin, wadda aka fi sani da Fansidar, ana haɗa ta da amodiyakin na kwana 3. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, wata-wata cikin damina. Ƙa'idar aikin da kanta ta ce ba a ba yaron da sulfa ta taɓa ƙin jikinsa, ba a kuma ba wanda ke kan shan kotiri a lokacin. Don haka ki gaya wa masu rabon kafin su buɗe takarda, ki nuna musu tabon, ki kai ta CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a duba a rubuta. Ita sai a dage da gidan sauro, in ta yi zazzaɓi a kai ta gwaji ran nan.

Amma jama'a a ji ni da kyau: wannan na ƴar Zeinabu ne. Kada wani ya ɗauki maganata ya kori masu rabo daga ƙofar gidansa. Zazzaɓin sauro da ke kwantar da yaranmu a Agusta da Satumba ya fi wannan ciwon yawa nesa ba kusa ba. Ku zo ku ga ɗakin yara a watannin nan.

Isuhu Farmasi: Haka ma mata masu ciki, ƙwaya ukun da ake ba su wurin awo su haɗiye a gaban ungozoma ita ce wannan sulfadokzin ɗin. Maman Nafisa, ƙanwarki in ta samu rabo ta faɗa tun zuwan farko.

Maman Nafisa: Wallahi ba mu san da wannan ba. Kotiri kawai aka ce muna. Yanzu zan kira ta.

Alhaji Lawali: Da can in za a yi maka allurar fenisilin sai an ɗan tsikara maka a hannu an jira. Mi ya sa aka bari? Da an ci gaba ai da duk wannan bai taso ba.

Isuhu Farmasi: Wasu na yi har yanzu. Ni ina ganin ya fi babu.

Manjo Hadiza: Ni kuma ban yarda ya fi babu ba, in dai irin wanda ake yi a tsaye ne, a ɗebo daga kwalbar a tsikara a duba bayan minti biyu. Yana sa mai allura ya saki jiki, alhali ba kowane mai ƙin maganin yake nunawa ba, kuma ɗan abin da aka tsikara ma yana iya tada wa mai tsananin ƙi. Gwajin gaskiya akwai shi, da ma'auninsa, ƙwararre ke yi da adirenalin a gefensa. Mai ɗaye fata kuwa wannan tsikarar ba ta hango shi sam.

Isuhu Farmasi: A inda babu ƙwararren fa? Mu nan sai dai a yi da abin da ke akwai.

Manjo Hadiza: Abin da ke akwai shi ne tambaya kafin allura, da zaunar da mutum bayanta, da adirenalin a cikin tire. Ba su fi ƙarfin kowace CSI ba.

Isuhu Farmasi: Ban gamsu duka ba, amma ke ke riƙe da sirinji.

Zeinabu: Tunda ana zancen allura. An rubuta wa surukata seftiriyakzon na kwana biyar, maigida ya ce a sayo a kira mai allurar unguwa ya riƙa yi mata a gida, don ƙafarta na ciwo. Ta sha yin allura ba abin da ya same ta.

Manjo Hadiza: Yin ta a baya lafiya ba tabbaci ba ne, sau da yawa sai jiki ya taɓa haɗuwa da magani sannan yake ƙin sa. Kuma ta jijiya ta fi ƙwaya saurin tada abin. Ki tambayi mai allurar ko yana yawo da adirenalin, ya nuna miki kwalbar ki duba ranar lalacewarta.

Ila Kabu-kabu: Na san shi, ni ke ɗaukarsa wani lokaci. Jakarsa sirinji ce da auduga da alkol.

Manjo Hadiza: To a kawo ta CSI. Ila ka samo musu adaidaitar da za ta riƙa zuwa ƙofar gida. Ta zo da karne da ordonansin, in an yi mata ta zauna kan benci rabin awa kafin ta tafi, kuma wanda ya rako ta kada ya ce zai je kasuwa ya dawo.